Na Ɗora Aikin Wani a Kan Sunan Surukina

Assalamu alaikum warahmatullah. Mai shafi, ina gaisuwa, ya aiki, ya haƙuri da mu? Ina gaida masu karatu, manya da ƙanana, kowa da matsayinsa. Don Allah a ɓoye sunana, kada a saka ko harafin farko, domin garinmu bai kai girman da mutum zai ɓuya a cikinsa ba. Kuma ina roƙo, kafin wani ya fara zagina, ya daure ya karanta har ƙarshe. Duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina, har da ƙari. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini.

Ni mutumin Ikara ne, magidanci, da mata da yara. Ina aiki da wani kamfani da ya karɓi kwangilar kula da gine-gine a yankinmu, wato Ikara da Makarfi da Kudan: ƙananan asibitoci, wasu makarantu, da 'yan ofisoshi. Mu ba gini muke yi ba, kula muke yi. Famfo ya tsaya, mu ne. Sola ta daina caji, mu ne. Tanki na yoyo, iska ta yaye kwano, firjin allurar rigakafi ya ɗau zafi, duk mu ake nema. Wanda ya kai ni wannan aikin surukina ne, mahaifin matata, zan kira shi Baba tunda dama bakina bai taɓa kama sunansa ba. Tun ina firamare Baba yake gyaran famfo, babu unguwar da ba a san jakar kayan aikinsa ba. Lokacin da na gama karatu ina zaman kashe wando a bakin tasha, shi ya kama hannuna ya kai ni gaban manaja ya ce, "Yaron nan na yarda da shi." Daga baya ya ba ni 'yarsa, bai tsaurara mini a kan komai ba.

Waɗanda suka san ƙasar Zazzau sun san yadda surukuta take a wurinmu. In na hango Baba a hanya, tun daga nesa nake sauka daga mashin, in tuɓe takalmi, in durƙusa. Ban taɓa cin abinci yana kallo ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. A wurin aiki ma mun iya takunmu. Tsohon manajanmu shi yake raba aiki da baki kowace safiya, kuma ya san abin da ke tsakaninmu, in ya tura Baba gabas ni sai ya tura ni yamma. Shekara da shekaru a haka, lafiya lau.

Bara ne kamfani ya kawo sabon tsari. Aka ce an daina raba aiki da baki, an daina cike takarda, komai ya koma cikin wata manhaja ta waya. Ma'aikaciyar asibiti in ta ga famfo ya lalace, hoto kawai za ta ɗauka ta tura, saƙo ya faɗo kwamfutar ofis, a tura wa mai gyara, in ya gama shi ma ya ɗauki hoto ya rufe aikin. Can Kaduna kuwa akwai allo da ke nuna sunan kowane ma'aikaci, mai ƙoƙari kore, mai ja da baya ja. Tsakani da Allah tsarin yana da kyau, ba zan ɗora masa laifina ba. A da asibitin ƙauye sai ya yi makonni babu ruwa kafin labari ya iso mu, yanzu kuwa kafin azahar mun sani. Manaja ya ce shi idonsa ba zai iya da wannan ba, ya yi ritaya. Wata Injiniya daga Kaduna, ita ce shugabarmu ta sama, ta tambaya wa ya iya kwamfuta, kowa ya nuna ni. Ran nan na tashi daga mai riƙe tsani na koma mai raba aiki. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, har kaza na sa aka yanka a gida. Ban tsaya na yi tunanin cewa a cikin waɗanda zan riƙa turawa akwai mutumin da ko idonsa ba na iya kallo ba.

Aka ba kowa babbar waya. Baba ya karɓi tasa da hannu biyu, ya naɗe ta a leda ya sa a aljihun gaba, yana tsoronta kamar ƙwai. Karatun boko kaɗan ya iya, ga ido ya fara rauni. A makon farko na tura masa wani ƙaramin aiki a cikin gari, na ce a raina ai ba ni nake magana ba, waya ce. Ashe ban san yadda saƙon yake fita ba. Ya je ya yi gyaran, amma bai san yadda ake rufewa ba, ita kuwa manhaja ba ruwanta, da lokaci ya wuce sai ta aika masa gargaɗi da kanta. Rannan matata ta je gaida iyayenta, suna zaune a tsakar gida har da mahaifiyarta da wata gwaggonsu, waya ta yi ƙara, Baba ya kwance leda ya miƙa mata ya ce ta karanta masa. Ta fara karantawa da ƙarfi kafin ta gane abin da take karantawa. Cikakken sunana ne a sama, a ƙasa kuma an rubuta: ka makara a aikin da aka ba ka, ka kawo dalili.

Da ta dawo gida ko mayafi ba ta cire ba. Ta ce, "Baban Sadiya, yanzu kai ne har ka kai ka ce wa Baba ya kawo maka dalili?" Na ce wallahi ba ni na rubuta ba, na'ura ce. Ta ce, "Na'ura ce ke da sunanka?" Na tambaye ta me Baba ya ce. Ta ce murmushi ya yi, ya ce ai shugaba shugaba ne, ya mayar da wayarsa leda. Gwaggo ce ta riƙe haɓa tana salati. Jama'a, na ji kunyar da ban taɓa ji ba tunda uwata ta haife ni. Na kwana biyu ina zagaye ta bayan kasuwa don kada in bi ta ƙofar gidansu.

Na san me za ku ce: me ya hana ka gaya wa Injiniya? Na fara, Allah ya sani na fara. Na kira ta na ce ko za a iya cire sunan mai raba aiki daga saƙon. Ta ce ba za a iya ba, haka masu manhajar suka tsara, sannan ta tambaya, "Wa ya yi ƙorafi?" Na ce babu kowa. Kun san dalili? Akwai doka a kamfanin cewa mutum ba ya shugabantar ɗan'uwansa ko surukinsa. Da na faɗi gaskiya, ko dai a mayar da Baba can wani yanki mai nisa da tsufansa, ko ni a sauke ni daga kujerar da ko ɗuminta ban gama ji ba. Na daɗe ina gaya wa kaina don Baba na yi shiru. Ƙarya nake yi, har da son kujerar.

Sai na samo dabarar da a lokacin na ɗauka wayo ce: na daina tura wa Baba aiki gaba ɗaya. In babu aiki ai babu gargaɗi. Shi kuwa ba mai zama ba ne, ya ci gaba da yadda ya saba, da safe ya ɗauki jakarsa ya zagaya makarantu da asibitin da ke kusa, masu gadi su kira shi da baki, ya ɗaure nan ya kwance can. Yana aiki, amma manhaja ba ta san yana yi ba. Da ƙarshen wata ya zo na buɗe allo, sunan Baba ja wur, babu ko aiki ɗaya a gabansa. Injiniya ta riga ta faɗa a taro cewa duk wanda ya daɗe a ja, kamfani zai ɗauka ba a bukatarsa.

A nan Yohanna ya shigo labarin. Ba sunansa ke nan ba, amma mu bar shi a haka. Mutumin kudancin Kaduna ne, ya daɗe a Makarfi, yana haya da matarsa da 'ya'yansa. Shi ne mai sola a cikinmu, gyaran famfo kuma a hannun Baba ya koya, shi ya sa shi ma Baba yake ce masa. Duk aikin ƙauye mai nisa shi nake turawa, Gubuchi, Saulawa, ƙauyukan Kudan da mashin ke nutsewa a taɓo da damina, ban taɓa jin ya ce kai ba. Da azumi shi yake cewa a ba shi aikin rana, "ku masu azumi ku ɗauki na safe." Da Kirsimeti matarsa takan aiko mana da shinkafa da cincin, yarana har tambaya suke yaushe sallar su Maman Rahila. Wannan mutumin na cuta.

Yadda aka yi shi ne, saboda ƙauyuka babu sabis sosai, an ba mai raba aiki damar rufe aiki a madadin ma'aikaci. Ya turo maka hotuna in ya samu sabis, kai ka shigar, ka zaɓi sunan wanda ya yi. Ina zaune ina kallon jan sunan Baba sai ga hotunan Yohanna sun shigo, ya gyara famfon wani asibiti a Gubuchi, ga ruwa na zuba. Na buɗe wurin zaɓen suna. Sunan Yohanna na nan, na Baba na ƙasa da shi. Na ce a raina, Yohanna yana da aiki da yawa, ɗaya ba zai rage shi da komai ba. Na latsa sunan Baba. Na tashi na sha ruwa, na leƙa waje kamar wanda ya saci akuya. Babu abin da ya faru. Ba wanda ya kira, ba wanda ya tambaya.

Kashegari na kira Yohanna na ce, "Daga yau kada ka wahalar da kanka da manhajar nan, ka riƙa turo mini hotuna kai tsaye, ni zan shigar maka." Kun san me ya ce? Ya ce, "Kai Oga, Allah ya saka da alheri, dama abin nan cinye mini data yake yi." Godiya ya yi mini. Ina sace masa gumi yana sa mini albarka.

Daga ɗaya aka koma biyu, daga biyu na daina ƙirgawa. Kuma ina zaɓar ayyukan nesa ne, don na san babu wanda zai taso daga Kaduna ya shiga taɓon Gubuchi ya tambayi wa ya zo. Abin da ban sani ba, ni mai taƙamar na iya kwamfuta, shi ne aikin nesa ya fi nauyi a lissafin allon. Kafin in ankara Baba ya tashi daga ja ya haye saman kowa a yankin, Yohanna kuma ya gangaro ƙasa. Na ce to bari in daina. Amma in na daina yau, gobe Baba ya faɗo daga sama zuwa babu, wa zai amsa tambayar da za ta biyo baya? Sai in ce wata mai zuwa zan fara ragewa a hankali. Watan ya zo ya wuce, ban rage ba. Ma'aikata ba sa ganin allon, ni da Kaduna kaɗai ke gani, kuma Yohanna ya daina buɗe manhajar tunda ni na hana shi.

Bayan babbar salla Injiniya ta ce za ta zo Ikara ta gana da ma'aikata. Da sassafe na tura Yohanna can wani ƙauye, na ce aikin gaggawa ne, alhali zai iya jira, don na san yana jin Turanci. Ta zo ta haska hoton Baba a bango, ga shi nan da hularsa, ta yi ta yabo. Hausarta ba ta nuna ba, sai ta ce in fassara. Ta ce dattijon nan shi ya fi kowa shiga ƙauyuka masu nisa, ya kunyata matasa, ya nuna cewa tsufa ba ya hana koyon sabon abu. Ni kuwa na sunkuyar da kai na ce, "Ta ce an gode wa Baba da ƙwazo da riƙon amana." Aka tafa. Baba ya waiga hagu da dama ya ce, "Ikon Allah, ni?" Da yamma matata har rawa ta taka a tsakar gida, ta ce ashe zaman da nake yi a kan kujerar nan alheri ne ga gidansu, ta nemi in yafe mata faɗan da ta yi mini kwanaki. Na ce na yafe. Wane irin mutum ne zai iya buɗe baki ya ce ya yafe a wannan halin?

To, a watan jiya abin ya fashe. Kwangila ta ragu, kamfani ya ce zai sallami mutum ɗaya a kowane yanki, kuma ba za a bi son rai ba, allo za a bi. A yankinmu Yohanna ne a ƙasa. Takarda ta zo ta hannuna, ni na miƙa masa. Ya karanta a tsaye, ya sake karantawa, sannan ya zauna a kan benci ba tare da na ce ya zauna ba. Ya ce, "Oga, sun ce ba na aiki." Na ce na gani. Ya ce, "Ni? Ka dubi tayar mashin ɗina." Na ce wataƙila na'ura ce ta yi kuskure, zan bincika. Ya ce, "Don Allah ka bincika, kai ne shaidata. Rahila za ta rubuta jarrabawa bana, in na koma gida yanzu ban san inda zan sa ta ba." Na ce in sha Allahu. Na ambaci sunan Allah a kan ƙarya, ina kallon takalmina.

Bai tsaya jirana ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya kira Injiniya da kansa, ya lissafa mata wuraren da ya yi aiki. Ita kuwa mace ce mai tsauri amma ba ta da zalunci, ta duba ta ce masa waɗannan ayyukan duk da sunan Baba suke. Ta ce za ta zo Makarfi ranar Alhamis mai zuwa ta saurari kowa a gaban kowa, kafin sallamar ta tabbata. Da ya zo ofis bayan nan, gaisuwarsa ta gajarce. Mutumin da sai ya tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, rannan "ina kwana" kawai ya ce. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kalle ni ya ce, "Ni dai ban ce komai ba, Oga. Hotuna na nan a wayata, kuma na san wanda na tura wa." Ya juya ya tafi. Na san ya gane. Na kuma san abin da ya ɗaure masa baki: yana tsoron in ya tona, Baba ne zai fara faɗuwa.

Duk wannan ina iya haɗiyewa, da kyar dai, amma ina haɗiyewa. Abin da ya sa na ɗauki waya nake rubuto muku shi ne abin da ya faru jiya bayan la'asar. Ina ɗaki sai matata ta shigo da sauri, fuskarta a rikice, ta ce Baba na ƙofar gida yana sallama da ni. Tunda na auri 'yarsa Baba bai taɓa tako ƙofar gidana ba, ko ranar suna aike yake yi. Na fita ba takalmi, na durƙusa, aka kawo tabarma. Na yi nisa da ita na tsuguna a ƙasa. Muka gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi aiki, ya tambayi mahaifiyata da ciwon ƙafarta. Sai na lura ya rame, idonsa ya faɗa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da ledar nan, ya kwance, ya ajiye wayar a kan tabarma tsakanina da shi.

Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri na zo maka gida. Abin ne ya fi ƙarfina." Na ce Baba ai da aikowa ka yi in zo. Ya ce a'a, mai laifi shi yake zuwa. Ya ce labari ya iso masa cewa ayyukan Yohanna sun koma kan sunansa, shi kuwa rabonsa da Gubuchi tun kafin a kawo wayoyin nan. Ya ce ya yi ta tunani, abinci ya ƙi shiga, har ya gano yadda aka yi. "Wayar nan," in ji shi, "in ta yi haske a aljihuna nakan fito da ita in latsa in latsa don ta yi shiru. Ban san me nake latsawa ba. Ashe abincin yaron nan nake janyewa da yatsana." Ya ce, "Kuma har aka tafa mini, na tsaya ina karɓa."

Ya ce da safe ya hau mota ya je Makarfi, har ƙofar ɗakin Yohanna, ya roƙe shi gafara a gaban matarsa da maƙwabta. Tsoho mai furfura, wanda ya koya masa riƙe sifana. Ya ce Yohanna ya kama shi ya ɗaga yana kuka yana cewa Baba ba kai ba ne, ba kai ba ne, shi kuwa ya ɗauka kara ce kawai irin ta yaron kirki. Ya ce ranar Alhamis zai miƙe a gaban Injiniya da kowa ya faɗi abin da ya yi, a cire shi a bar yaron, shi dama ya kusa hutawa, kuma ba zai je gaban Allah da haƙƙin maƙwabci ba. Matata na bayan ƙyaure tana ji, ina jin shessheƙarta.

Sannan ya tura wayar gabana da yatsa ɗaya. Ya ce, "Abu ɗaya nake roƙo. Kai ka san kan abin nan. Nuna mini wurin da na latsa, don in an tambaye ni in faɗi daidai, kada in yi ƙarya a kan ƙarya."

Jama'a, ga ƙofa Allah ya buɗe mini har ƙasa. Kalma kaɗan ce: Baba, ba kai ba ne, ni ne. Babu kowa a wurin sai ni da shi da 'yarsa. Na ɗauki wayar, na kunna. Na ɗaga kai kaɗan na ga ƙafafunsa a kan tabarmata, duk faso, ga ƙurar hanyar Makarfi ba ta ma goge ba. Sai na ga yatsana ya tafi da kansa ya nuna wani ɗan maɓalli a gefe, wanda ba ya yin komai sai ƙara hasken waya. Na ce, "Wataƙila wannan ne, Baba."

Ya matso da wayar kusa da idonsa, ya daɗe yana kallon wurin don ya riƙe shi. Ya gyaɗa kai ya ce, "Shi ne kuwa, ina yawan taɓa shi." Ya naɗe ta a leda, ya miƙe da kyar, ya ce Allah ya yi mini albarka, ya shirya mini zuriya. Na raka shi har bakin titi ina amsa amin.

Tun jiya ban iya haɗa ido da matata ba. Ita tausayin mahaifinta take ji, tana cewa in taimaka in roƙar masa Injiniya kada a ci masa mutunci a bainar jama'a. Na san sarai abin da zai faru ranar Alhamis. Baba zai miƙe ya nuna maɓallin hasken waya ya ce da shi ya kwashe aikin mutum. Ko dai a yi masa dariya, ko a ɗauka ya san abin da ya yi yana rainin hankali, ko kuma Injiniya ta buɗe kwamfuta a gabansu ta ga wanda ya rufe kowane aiki. In na riga su na faɗa, aikina ya tafi, wannan na haƙura da shi, ko na ce ban haƙura ba dole ne. Amma da wane baki zan gaya wa Baba cewa na bar shi ya je ya durƙusa a ƙofar wani saboda laifina, sannan da ya zo gidana na ƙara masa da ƙarya? Da wane ido matata za ta sake kallona? In kuma na yi shiru, ko Yohanna ya kwashe iyalinsa ya bar garin da sunan malalaci, ko Baba ya ƙare aikinsa na tsawon rai da sunan wanda ya ci haƙƙin yaronsa.

Na san dole in yi magana, ba wannan nake tambaya ba. Ban san ta inda zan fara ba ne. In fara zuwa wurin Baba, ko Yohanna, ko in kira Injiniya tun kafin ta taso? In gaya wa matata da bakina, ko in bari ta ji a gidansu? In nemi wani babba ya raka ni, ko hakan ƙara tona wa Baba asiri ne? Don girman Allah, wanda ya san surukuta kuma ya san haƙƙi ya ba ni amsa kafin Alhamis. Ni da na nuna wa tsohon nan maɓallin ƙarya da hannuna, yanzu me zan yi?